Tambayoyi da amsoshi kan tazarar bugun zuciya ga masu teɓa, hawan jini da hauhawar suga

A da sai a ɗakin gwajin zuciya ake jin sunan HRV, wato canjin tazarar bugun zuciya. Yanzu agogon hannu ya kawo ta gaban kowa, mutum ya farka da safe ya ga an rubuta masa 22, abokinsa ya nuna masa 65, shi ke nan hankali ya tashi. Masu tumbi da hawan jini da suga su suka fi ganin lambar a ƙasa, kuma da dalili. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Mece ce HRV? Ba ita ce yawan bugun zuciya a minti ɗaya ba?

Ba ita ba ce. Yawan bugu ƙirga ne kawai, sau nawa zuciya ta buga a minti. HRV kuwa tana duba tazarar da ke tsakanin wannan bugu da na gaba, ta ga yaya tazarar ke canzawa. Ana auna ta da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

A ɗauki mutum biyu, kowannensu zuciyarsa na buga kusan 67 a minti. Na farko tazarar bugunsa a jere ita ce 860, 900, 950, 910, 870. Na biyu kuma 895, 900, 905, 900, 890. In aka haɗa aka raba, duka biyun 898 suke bayarwa, ma'aikacin jinyar da ya riƙe wuyan hannunsu ba zai ji wani bambanci ba. Amma ta farkon tana miƙewa tana tsukewa, ta biyun kuwa ta kusa zama agogon bango. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ta farkon ce mai lafiya. Zuciyar da ke bugu daidai wa daida, ba ragi ba ƙari, zuciya ce da ta rage jin umarnin jijiyoyinta.

Me ke sa tazarar ta riƙa canzawa?

A ɗakin sama na dama na zuciya akwai wani ɗan tarin ƙwayoyi da ke kunna kowane bugu. In aka bar shi shi kaɗai, kusan 100 yake bugawa a minti. Abin da ke saukar da shi zuwa 60 ko 70 a lokacin hutu shi ne jijiyoyin saƙo masu cin gashin kansu, waɗanda ke tafiyar da zuciya da hanji da gumi da mafitsara ba tare da mutum ya yi niyya ba. Kashi biyu ne. Ɗaya na zaburarwa, shi ne totur, yana ƙara bugu, ya tsuke hanyoyin jini, ya saki suga da kitse cikin jini. Ɗaya na kwantarwa, shi ne birki, kuma babbar hanyarsa ita ce jijiyar bagus, wadda ta fito daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka ƙirji da ciki.

Birkin nan yana da sauri ƙwarai, yana iya canza bugun da ke tafe nan take. Totur kuwa sai ya ɗauki daƙiƙu kafin a ji shi. Saboda haka yawancin canjin da ake gani daga bugu zuwa bugu aikin bagus ne. Ana iya jin sa da yatsa: a dafa jijiyar wuyan hannun matashi mai lafiya, a ce ya ja numfashi a hankali, bugun zai ƙaru, in ya sake shi ya ragu.

Wane ne ake cewa yana da metabolik sindirom?

Ba cuta ɗaya ba ce, gungun matsaloli ne da suka saba tafiya tare. Likitan nan na jami'ar Stanford, Gerald Reaven, shi ya fito da batun fili a 1988, ya danganta su da rashin jin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini cikin ƙwayoyin jiki. Ma'aunin da manyan ƙungiyoyin ciwon suga da na zuciya suka daidaita a kai a 2009 ya ce duk wanda ya haɗa uku cikin biyar ɗin nan ya shiga:

Ƙugu mai faɗi. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta sa santimita 94 ga maza da 80 ga mata a ma'aunin Turai, wanda ta ce a yi aiki da shi ga mutanen Afirka kudu da Sahara ma, sai 90 ga mazan Kudancin Asiya. A Amurka 102 da 88 aka fi amfani da su. Sai kitsen jini mai suna tiraigilisaraid da ya kai 150 mg/dL. Sai kolestarol mai amfani, HDL, da ya gaza 40 ga namiji ko 50 ga mace. Sai awon jini da ya kai 130 a sama ko 85 a ƙasa. Sai sugan da aka auna kafin a karya da ya kai 100 mg/dL, daidai da 5.6 mmol/L. Wanda yake shan maganin ɗaya daga cikinsu an ƙirga masa shi ko da awon ya sauka.

Awon ƙugu ne aka fi yin kuskure a kai. Ba inda wando ke tsayawa ake sa tef ba. A tsakiyar haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu ake zagayawa, mutum na tsaye, bayan ya saki numfashi, ba tare da ya shanye ciki ba.

To ina haɗin tumbi da suga da jijiyoyin zuciya?

Haɗin ya fi yadda ake zato ƙarfi, kuma ta hanyoyi da dama yake bi.

Na farko insulin ne da kansa. Idan tsoka da hanta suka daina jin sa sosai, jiki sai ya ƙara yawansa, shi kuma yawan insulin a jini yana taɓa ƙwaƙwalwa ya ƙara wa ɓangaren zaburarwa wuta. Kitsen ma ba ajiya kawai ba ne, yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda shi ma ke tura saƙon zaburarwa, musamman zuwa ƙoda. Ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Kitsen da ke cikin ciki, wanda ya lulluɓe hanji da hanta, ya fi na ƙarƙashin fata yin wannan ɓarna, shi ya sa tef ya fi sikeli faɗin gaskiya a nan.

Na biyu, a jijiyoyin jini na wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya akwai masu gadin matsin jini. Da jini ya ɗan hau sai su sanar da ƙwaƙwalwa a taka birki. Hawan jini na shekaru yana sandarar da bangon jijiyoyin, masu gadin su daina jin motsi sosai, birkin ya yi sanyi.

Na uku shi ne barci. Da yawa daga cikin masu ƙiba suna da ɗaukewar numfashi a barci: minshari mai ƙarfi, sai shiru, sai a farka da shaƙewa. Kowace ɗaukewa tana saukar da iskar oksijin, jiki ya zabura kamar an biyo shi. Wani sai ya yi haka sau talatin ko fiye a awa ɗaya, kuma zaburar ba ta ƙarewa da wayewar gari, tana bin sa har cikin yini.

Sai kuma suga da kitsen jini da ke cin zaren jijiyar kanta da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Dogayen jijiyoyi suke fara taɓawa, bagus kuwa ita ce mafi tsawo a wannan rukuni. Shi ya sa birki ke fara lalacewa tun totur na nan da ƙarfinsa. Manyan nazarce-nazarcen da suka bi dubban mutane a Amurka, irin su Framingham da ARIC, sun ga raguwar HRV a wurin masu hauhawar suga da hawan jini, har da waɗanda sugansu bai kai matsayin ciwon suga ba, kuma a ARIC an ga tana ƙara sauka gwargwadon yawan matsalolin da mutum ya haɗa.

Wanne ke fara zuwa, lalacewar jijiya ko rikicin sugan?

Kowanne na hura wa ɗaya wuta. Idan zaburarwa ta yi yawa, hanyoyin jinin tsoka na tsukewa, suga ba ya isa inda za a ƙona shi, kitse na narkewa ya cika jini, rashin jin insulin ya ƙaru. An kuma ga mutanen da bugunsu na hutu ya yi sama, HRV ɗinsu ta yi ƙasa, sun fi saurin kamuwa da suga da hawan jini daga baya. Ga mai jinya dai amsar ba ta canza komai a aikace.

Me RMSSD da SDNN da LF da HF ke nufi?

RMSSD ita ce wadda yawancin agoguna da manhajoji ke nunawa. Ana ɗaukar bambancin kowace tazara da ta kusa da ita, a ninka shi da kansa, a fitar da matsakaici, a ɗauki tushensa. A misalin sama, mutum na farko bambancinsa 40, 50, 40, 40 ne, RMSSD ɗinsa kusan 43. Na biyu 5, 5, 5, 10, nasa bai kai 7 ba. Ita ce ta fi nuna aikin bagus a ɗan gajeren awo.

SDNN tana auna yadda dukan tazarorin suka warwatsu daga matsakaicinsu, kuma tana ƙaruwa da tsawon awon. Don haka ba a kwatanta SDNN ta minti 5 da ta awa 24. Wasu agoguna, kamar Apple Watch, ita suke nunawa, abin da ya sa lambar wannan agogo ba za ta yi daidai da ta wancan ba.

HF da LF kuwa rarraba motsin ne bisa saurinsa. HF tana tsakanin 0.15 da 0.40 a daƙiƙa, wato saurin numfashi 9 zuwa 24 a minti, kuma ta bagus ce. LF tana tsakanin 0.04 da 0.15. An daɗe ana raba LF da HF a ce an samu ma'aunin rinjayen totur a kan birki, har yau wasu manhajoji na sayar da wannan da sunan ma'aunin damuwa. Bai kamata a ɗauke shi da muhimmanci ba. LF ɗin kanta akwai hannun bagus da masu gadin matsin jini a ciki, kuma mutum na rage numfashinsa zuwa 6 a minti duk motsin numfashin zai faɗa cikin LF, lambar ta yi tsalle alhali yana kwance cikin natsuwa.

Lamba nawa ce ta lafiya?

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. HRV na sauka da shekaru, ɗan ashirin da ɗan sittin ba za su zo ɗaya ba ko da dukansu lafiya lau suke, kuma gado na da nasa kaso. Inda aka samu iyaka mai ma'ana shi ne a awon awa 24: ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka suka fitar a 1996 sun ɗauki SDNN ƙasa da 50 a matsayin raguwa mai tsanani, ƙasa da 100 matsakaiciya. Asalin wannan daga masu toshewar jijiyar jinin zuciya ne, inda wani nazari na 1987 ya ga masu ƙasa da 50 sun ninka masu sama da 100 mutuwa kusan sau biyar. Kuskure ne babba mutum ya ɗauki wannan 50 ɗin ya ɗora a kan awon minti ɗaya na agogonsa. Abin da ya dace ya kwatanta kansa da kansa, matsakaicin wannan mako da na watan jiya.

Yaya ake aunawa a gida har a yarda da sakamakon?

Lokaci ɗaya kullum, kuma da safe ya fi, bayan an yi fitsari, kafin a ci ko a sha wani abu mai sinadarin kafeyin kamar kofi ko shayi, kafin sigari ga mai sha. A zauna ko a kwanta, amma wanda aka zaɓa a tsaya a kansa, don tashi zaune kaɗai yana saukar da RMSSD. A huta minti 5 tukuna, sannan a auna minti 5, ba magana, ba duba waya, numfashi yadda ya zo. A yi haka aƙalla mako biyu kafin a ce an san matsayin mutum.

Ɗamarar ƙirji ta fi agogo, domin wutar zuciyar take karantawa kamar na'urar ECG ta asibiti. Agogo haske yake haskawa cikin fata yana kallon kumburin jini, don haka motsin hannu, sanyin yatsu, sakin madauri ko zane a fata duk suna rikita shi. Awon da yake yi cikin barci ya fi na rana inganci.

Lambar za ta faɗi washegarin daren da aka sha giya, ko aka ci abinci mai nauyi dab da kwanciya, ko aka yi motsa jiki mai tsanani, ko zazzaɓi na shirin kamawa. Faɗuwar kwana ɗaya ko biyu ba labari ba ne.

Lambata ta haura sosai kwatsam. Na samu sauƙi ke nan?

Ba lallai ba, kuma wannan ne tarkon da ya fi kama mutane. Zuciya kan yi bugun riga-malam-masallaci, ta buga kafin lokaci sannan ta ɗan dakata. Tazarar sai ta zama 900, 600, 1200, 900. A awon minti 5 mai bugu kusan 330, wanda RMSSD ɗinsa na gaskiya 15 ne, irin wannan bugu guda ɗaya tak in ba a tace shi ba zai kai lambar kusan 43. Mutum ya ga ta ninka kusan uku, ya yi murna a banza.

Mafi haɗari shi ne rikicewar bugu da ake kira AF, inda ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon bugawa. A nan tazarar ba ta da tsari ko kaɗan, lambar na iya haura 100 ko 200. Masu ƙiba da hawan jini da minshari su ne a sahun gaba wajen kamuwa da shi, kuma yana jawo shanyewar ɓarin jiki. Dattijo mai hawan jini da ya ga HRV ɗinsa ta tashi daga 20 zuwa 150 a dare ɗaya ECG yake buƙata. Mai AF da wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugu, HRV ba ta da fassara a wurinsu.

Wane gwaji ake yi a asibiti?

Gwaje-gwaje biyar ne da David Ewing da abokan aikinsa suka tsara a Edinbura, kuma har yau su ne ginshiƙi. Ana haɗa ECG da abin awon jini.

A gwajin numfashi, mutum zai ja daƙiƙa 5 ya saki daƙiƙa 5, sau shida a minti. Bambancin bugu mafi sauri da mafi jinkiri ya kai 15 ga mai lafiya, 10 ko ƙasa matsala ce, ko da yake ana sassauta iyakar ga tsofaffi. A gwajin miƙewa, bugu na ƙaruwa wajen na 15 bayan tashi ya lafa wajen na 30, sai a raba doguwar tazara da gajeriyar, 1.04 ko sama daidai ne. A gwajin yunƙuri, ana hura bututu a riƙe matsin 40 na daƙiƙa 15, a nan ma a raba doguwar tazara da gajeriyar, ana son sakamakon ya kai 1.21. Wannan ba a yi wa wanda suga ya taɓa masa bayan ido sosai, don yunƙurin na iya fasa jijiya. Sai awon jini a kwance da a tsaye: faɗuwar 20 a lambar sama ko 10 a ta ƙasa cikin minti 3 ita ce alamar. Na biyar matse abu ne da hannu da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin mutum, a ga ko lambar ƙasa za ta hau da 16.

Gwajin bugu ɗaya ya ɓaci, ana zargin farkon lalacewa. Biyu, ta tabbata. In faɗuwar jini a tsaye ta haɗu da su, ta yi nisa. Mai ciwon suga nau'i na biyu tun ranar da aka gano ciwon ya kamata a fara tambayarsa alamomi, mai nau'i na ɗaya bayan shekara biyar.

Waɗanne alamomi ne ba a jira da su?

Farkon abin ba ya da alama, amfanin awon ke nan. In ya ci gaba, bugun hutu kan zauna a 90 zuwa 100 ko fiye ba zazzaɓi ba ƙarancin jini, mutum ya ji jiri ko duhun ido in ya miƙe, ya gaji da ɗan tafiya saboda zuciya ba ta ƙara gudu yadda ya kamata. Wasu ciki ke cika musu da loma kaɗan, wasu gumi ke karyo musu a fuska suna cin abinci ƙafa kuwa a bushe, maza kan ga rauni wajen kusantar iyali. Mai shan insulin na iya daina jin rawar jiki da faɗuwar gaban da ke gargaɗin saukar suga.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne toshewar jijiyar jinin zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba. Haki na farat ɗaya, gumi mai sanyi, amai ko kasala marar dalili ga mai suga abin gaggawa ne, komai agogo ya nuna. Suma ma haka.

Magungunana na iya canza lambar?

Sosai. Masu rage bugu irin su atenolol da bisoprolol kan ɗaga HRV. Amitriptyline, wanda ake yawan ba masu suga don zafin ƙafa, yana saukar da ita ƙwarai, haka wasu magungunan mafitsara da na mura masu sa barci. Alluran suga da rage ƙiba irin su semaglutide kan ƙara bugu kaɗan a minti, amma amfaninsu ga zuciya tabbatacce ne. Kada a ajiye magani don a gyara lambar agogo, musamman masu rage bugu, waɗanda tsayar da su farat ɗaya ke da haɗari.

Ana iya dawo da ita?

A matakin farko, ana iyawa gwargwado. Babu maganin HRV ita kaɗai, abin da ke gyara matsaloli biyar ɗin can na metabolik sindirom shi ke gyara ta. Motsa jiki ne kan gaba: minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai sauri ko keke ko iyo, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Sai an yi wata biyu zuwa uku ake fara ganin bambanci, kuma bugun hutu kan riga HRV nuna shi. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana kwantar da zaburarwa, wato kilo 5 zuwa 10 ga mai kilo 100. Shirin rigakafin ciwon suga na Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nemi ragin kashi 7 da minti 150 a mako, ya rage kamuwa da kashi 58, kuma ma'aunan jijiyoyin zuciyar mahalartan sun gyaru. A nazarin Steno-2 na Denmak, haɗa maganin suga da na jini da na kitse da gyaran rayuwa ya rage ci gaban lalacewar jijiyoyin da fiye da rabi. Mai minshari da gyangyaɗin rana ya nemi gwajin barci, don na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci lokacin barci, na sauke zaburarwar dare. Sigari kuwa a bar ta.

Numfashi shida a minti na minti 10 yana ɗaga lambar nan take, yana iya ɗan sauke jini, ba laifi a yi. Amma ba ya rage ƙugu ko santimita ɗaya.

Idan an tabbatar jijiyoyin sun taɓu, me zai canza?

Kafin a fara motsa jiki mai ƙarfi a yi gwajin zuciya a kan injin tafiya. A nan ma likita zai duba yadda bugu ke sauka a minti na farko bayan an tsaya, saukar 12 ko ƙasa da haka alama ce ta raunin bagus. Ba a dogara da ƙirgen bugu wajen sanin ƙarfin motsa jiki, tunda zuciyar ba ta amsawa daidai, sai a bi numfashi: a iya magana amma ba a iya waƙa. A guji tsananin zafi da wanka da ruwa mai zafi sosai, a sha ruwa isasshe, a tashi daga gado mataki-mataki, a zauna a bakinsa minti ɗaya ana motsa ƙafa kafin a miƙe. Likita zai sake duba magungunan fitsari da na kumburin mafitsarar maza, waɗanda ke ƙara faɗuwar jini a tsaye. Duk wanda za a yi wa tiyata kuma ya gaya wa mai ba da maganin barci tun a ganawar farko, domin jini na iya faɗuwa sosai a lokacin da ake sa shi barci, kuma in an sani ana tanadar ruwa da maganin ɗaga jini tun kafin a fara.